Direba Ya Daina Shan Ruwa

Tela na tsaka da auna ƙugun Direba sai ya ga lema tana yaɗuwa a gaban wandonsa. Ya yi maza ya mai da ido kan tef, kamar lambar ce ta ɓace masa.

"Ci gaba da awonka, Mai Allura," in ji Direba. "Ni da na ƙare ƙuruciyata ina hana fasinja sauka fitsari, ai alhakinsu ne ya kama ni."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Tun da aka yi wa Direba tiyata aka cire ƙullutun da ya kumbura a ƙasan mafitsararsa, sai abin ya juye: da fitsarin ba ya fita, yanzu ba ya tsayawa. Tari, dariya, ko miƙewa daga kujera, sai ya zubo. Likita ya ce haka yake da farko, ya koya masa yadda zai riƙa matse ƙasansa yana saki, ya ce da yawa na warkewa in sun yi haƙuri. Haƙurin ne Direba bai iya ba; mutum ne da ko a danja jira ke ba shi haushi.

Tela ya ɗinka masa baƙaƙen wanduna masu aljihu ta ciki, inda ake cusa tawul. Direba ya dawo zaman bencin shago, yana tsokanar masu wucewa. Ran nan ya tashi ya bar shaida a katakon, wata mai kawo ɗinki ta janye ledarta tana yatsina fuska. Bai sake fitowa ba.

Da Tela ya leƙa shi, ya tarar da shi kwance, robar da aka shimfiɗa ƙarƙashin zanin gado tana ƙara duk ya motsa. Leɓɓansa sun tsage, amma yana murmushi. Matarsa ta ajiye masa kofin ruwa. Tana fita ya miƙa hannu ya tuttular ta taga.

"Na gano maganin abin," ya ce. "Tankin da babu mai, me zai yi yoyo? Kada maman yara ta ji."

Tela ya fito. A bakin ƙofa ya tsaya yana juya maganar, ƙarshe ya kira matar ya gaya mata. Bai kai ɗakinsa ba ya fara jin kukanta da faɗan Direba ta katanga. Washegari ta zo da kanta, tana sunkuyar da kai, ta ce maigida ya ce kada ya ƙara taka masa gida.

Ya sha ruwan bayan haka ko bai sha ba, Tela bai sani ba. Zazzaɓi dai ya rufe shi, aka kwashe shi zuwa asibiti, aka ce ciwon ya hau ƙoda. Tela ya je, ya tsaya daga ƙafar gado. Jakar fitsari na rataye a gefe, ɗan abin da ke ciki ya yi duhu kamar shayi.

Direba ya buɗe ido ya daɗe yana kallonsa.

"Kai dai bakinka ba shi da birki."

"Ba shi da shi, Yaya."

"To matso. Ƙishi nake ji."

Da cokali Tela ya riƙa ba shi, rabi na shiga, rabi na bin gemu.

Da hantsi Direba ya cika, Tela na kan keke yana ɗinki. Bayan masu ta'aziyya sun watse, matar ta roƙe shi ya taya ta fitar da katifar ta sha rana. Suka jingina ta da bangon tsakar gida. Tsakiyarta ta lotsa daidai tsawon mutum, har da wurin kafaɗa, kuma har rana ta juya ba ta taso ba.