Gurbin Babban Yatsa

"Sauke hannunka daga kansa," na ce. "Ba dankali ba ne."

Manaja Ruan ya juyo ya dube ni, yumɓun yana tafinsa, ɗaya hannun yana ƙoƙarin buɗe ledar kanti. Wai a leda zai jefa aikin wata huɗu. Tsoho Kuang na kwance a gadonsa da robar iska a hanci, yana son magana tari ya hana shi, sai nuna akwatin katakon da ke ƙarƙashin tebur yake yi.

"Anti Pang, na fa san aikina," in ji Ruan.

"Sanin aikin ne ya hawo da kai bene huɗu wajen mutumin da kuka sallama? Ga akwatinsa can, da auduga a ciki."

Ni ce mai sayar da baozi a ƙofar gidan, burodin turara mai nama a ciki. Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka da Tsoho Kuang a wannan lungu na Shenzhen. Sana'arsa sassaƙa maus na kwamfuta da yumɓu kafin a zuba shi da roba, irin wanda masu wasannin kwamfuta ke saya da tsada. Yumɓun nasu ba na bakin rafi ba ne, in ya huce tauri yake kamar sabulu, sai an ɗumama shi yake jin magana. Kullum da safe Kuang kan sauko ya ɗora curinsa a kan murfin tukunyata, masu sayen baozi suna tsokanarsa wai nasa ya ƙone. Mutum ne da ba ya gaisawa da kai ya sake ka. Sai ya juya tafinka, ya auna yatsunka da nasa, ya ce maka ga inda kake jin ciwo. Kuma nan ɗin ne.

Shekara talatin yana yi wa kamfanin su Ruan aiki, yana shaƙar ƙurar roba da fenti har huhunsa ya lalace. Da suka sayo na'urar da ke fitar da siffa daga zanen kwamfuta, sai suka yi masa liyafa, suka ba shi butar shayi, suka ce ya je ya huta. Maus uku suka fitar bayan tafiyarsa, duka ukun mutane suka riƙa mayar musu wai yana gajiyar da hannu. Nan fa suka tuna hanyar lungunmu. Ni da ni ce da sai sun durƙusa. Shi ko ya karɓi aikin, kuma na san dalili, saboda Yanmei ne.

Yanmei 'yata ce, shekararta ashirin da shida. Wasan kwamfuta shi ne abincinta, awa goma take yi a rana, mutane na biya su kalla. Hannuna ta ɗauko, ɗan ƙarami. Bara wuyan hannunta ya kumbura har ta kasa riƙe tsinkayen cin abinci, ta koma cin shinkafa da cokali, likita ya ce ko ta bari ko a yi mata aiki. Kuang ya shigo ɗakinta wata rana da la'asar, ya zauna awa uku, bai ɗaga kai ya kalli allon ba ko sau ɗaya, hannunta kawai yake kallo.

"Ba wasan ne ke cin hannunki ba," ya ce. "Wannan abin an yi shi ne don hannun ƙato. Ke ba riƙe shi kike ba, maƙale shi kike."

Sabon maus ɗin da ya sassaƙa, bayansa zamewa yake gaba da baya, mataki biyar, kowa ya ja daidai tsawon tafinsa. Wannan ba sabon abu ba ne, wasu ma suna yi. Abin da Kuang ya gano shi ne, in mai ƙaramin hannu ya ja zuwa matakin ƙarshe, babban yatsansa ba ya faɗawa gurbin da aka tanada, gaba da shi yake sauka, inda babu mazauni. Sai mutum ya riƙa matsewa, jijiya tana ɗaukar nauyin. Don haka ya yi gurbi na biyu a gaban na farko, ɗan ƙarami, a karkace, kamar inda aka danna ƙullu da yatsa. Sau goma sha bakwai yana ɗumama yumɓu a tukunyata, yana sa Yanmei ta danna, yana kankarewa, kafin ya ce ya zauna.

Wannan ne Ruan ya zo ɗauka ranar. Da tarin ya lafa, Kuang ya yafito shi.

"Gurbi biyu ne a hagu," ya ce, yana numfashi tsakanin kalmomi. "Biyu. Ka gaya wa yaran na'ura kada su taɓa na gaban. Ƙarfe ragewa ake, ba a ƙara shi."

"Na ji, Malam Kuang." Idonsa na kan waya.

"Rubuta," na ce.

"Yana kaina, Anti."

Maganar ƙarfen nan ko ni mai baozi na haddace ta, don na ji ta a bakin Kuang ya fi sau ɗari. A cikin ƙarfe ake zuba robar. Duk inda ake son gurbi a jikin maus, dole a bar ɗan tudu a jikin ƙarfen. In aka yanke tudun, shi ke nan, ya tafi.

Sati biyar muka yi muna jira. Asibiti sun riga sun ce a mai da Kuang gida, ɗansa kuma yana can arewa a Harbin, sai waya. Ni ke hawa masa da kunun shinkafa sau biyu a rana, yana shan cokali uku ya kawar da kai. Idonsa ya yi rauni, ba ya gane fuska sai an yi magana. Amma lissafin masana'anta bai ɓace masa ba.

"Yau suna yanka ƙarfe," zai ce. Bayan kwana biyu, "Yau gogewa suke." Wata rana ya tambaye ni, "Mai baozi, yaya hannun yarinyar?"

"Tana ɗaure shi."

"Ta ƙara haƙuri kaɗan."

Ban taɓa ganin mutum ya riƙe ransa da haƙori kamar haka ba. Kowa a gidan ya san abin da yake jira.

Ranar Talata da hantsi sai ga Ruan da kwandon tuffa an naɗe shi da leda mai ƙyalli, da ɗan kwali a hammata. Bai hau sama ba, a rumfata ya tsaya, wai kada ya takura wa mara lafiya. Ya buɗe kwalin, ga maus ɗin fari fat, ba a yi masa fenti ba, na farko da ya fito daga ƙarfe. Na ƙwala wa Yanmei kira ta sauko. Ta ɗora shi a tebur, ta ja bayansa zuwa matakin ƙarshe, ta ɗora hannu. Na ga babban yatsanta yana zamewa, ta ɗaga, ta sake ɗorawa.

"Mama, babu shi."

Na karɓa na shafa. Santsi sumul, gurbi ɗaya tak.

"Ina na biyun?"

"Au, wannan ɗan lotsawar?" Ruan ya gyara tabarau. "Da aka ɗauki hoton yumɓun a na'ura, kwamfuta ta nuna wajen da ja, alamar aibi. Yaronmu ya ɗauka hannun tsohon ne ya yi rawa ya danna wajen, kin san halin da yake ciki. Sai ya share. Gaskiya ma ya fi kyau a hoto yanzu."

"A gabana ya ce maka biyu."

"Abubuwa sun yi mini yawa a satin, Anti. Amma an gwada shi fa. Mutum goma sha biyu, 'yan wasa ƙwararru, ba wanda ya yi ƙorafi."

"Mata nawa a cikinsu?"

Ya kawar da kai wajen tukunyata.

"To a gyara," in ji Yanmei.

"An gama ƙarfe, ƙanwata. Dubu arba'in za a zuba kafin ƙarshen wata."

"Ku dawo mana da yumɓun," na ce.

Nan ya fara sosa ƙeya. Ashe bayan an ɗauki hoton, sun mai da shi tanda tare da sauran, an cure shi an yi wani abu da shi. Yumɓu mai tsada ne, wai, ba a zubarwa.

Ban san lokacin da na ajiye ludayi ba. Na gaya masa su ba su da kunya ba su da ta ido. Na ce mutumin da ya yi shekara talatin bai taɓa lotsa yumɓu bisa kuskure ba, shi ne yaron da bai taɓa riƙe wuƙar sassaƙa ba zai gyara wa aiki. Na ce sun yarda da jan launi a allo, ba su iya hawa bene huɗu su yi tambaya ɗaya ba. Masu sayen baozi suka yi cirko-cirko, mai gyaran keke na maƙwabta ya fito da sifana a hannu. Na cusa wa Ruan kwandon tuffarsa a ƙirji, na ce mutumin da ba ya iya haɗiye kunu ne zai ci tuffa. Maus ɗin kuwa na riƙe, ya miƙo hannu, na dube shi, ya janye.

Da ya tafi Yanmei ta kama rigata. "Mama, mu ce masa bai iso ba tukuna."

Na so hakan, ba zan ɓoye ba. Amma tagarsa a saman rumfata take, kuma muryata ba ta raɗa ba ce. Na rufe tukunya muka hau.

Yana zaune an tokare shi da matashi, tafinsa a buɗe a kan bargo. Na ɗora masa maus ɗin. Ya juya shi, ya auna nauyinsa, ya ja bayan, ƙas, ƙas, har mataki na ƙarshe. Sai babban yatsansa ya tafi gaba yana nema. Ya wuce wajen, ya dawo, ya sake zagayawa a hankali. Na tsaya ina jira ya zagi mutanen kamfanin, da ya zage su da na ji sanyi. Bai zage su ba.

"Magagari," ya ce. "Mai zagayen nan, a aljihun tebur."

Na miƙa masa. Ya ɗora shi a kan robar, ya tura sau ɗaya, magagarin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Wannan kallon har yau bai bar ni ba.

"Ɗauki, mai baozi."

"Ni ƙullu na sani, Tsoho Kuang."

"Ƙullu ne, taurin kai ne da shi kawai. Yanmei, kawo yatsanki."

Ta ɗora hannu, ya laluba ya zagaye yatsan da fensir. Na jawo ɗan teburin gefen gado na zauna na fara. Na ce ƙurar za ta tayar masa da tari, bari in fita baranda, ya ce bayan shekara talatin yau ne zan kare shi daga ƙura. Ba ya ganin abin da nake yi, da kunne yake bi.

"Kin cika gaggawa. Ba karas kike kankarewa ba."

Na rage.

"Karkata hannun. Robar siririya ce, in kika huda mun tashi a tutar babu. Dakata. Kawo."

Ya shafa, ya mayar mini. Haka muka yi ta yi, in goga, ya shafa, Yanmei ta gwada, farar ƙura na taruwa a kan teburin. A karo na shida ta ɗora hannu ba ta ɗaga ba. Na ga wuyan hannun ya kwanta a kan tebur, yatsun sun saki. Ta ja shi hagu da dama, sai ta juya mana baya tana share fuska.

Kuang ya karɓa ya bi gurbin da yatsa. "Kin zurfafa ta ƙasa," ya ce. "Amma zai yi." Ya ɗan huta. "Ɗaya ke nan."

"Ɗaya cikin dubu arba'in," na ce, don raina bai huce ba.

"Na ji ki tun daga ƙasa. Je ki, tukunyarki za ta ƙone."

Washegari kafin azahar ya cika, ina can ƙasa ina naɗe wa wata baozi shida. Yanmei ce ta same shi. Ɗansa ya iso kwana biyu bayan nan. Kamfanin suka aiko da furanni masu tsayin mutum, da ƙyalle an rubuta wai sun yi rashin uban ƙira. Na sa mai gyaran keke ya jingine su can wajen kwandon shara, kuma duk wanda ya tambaye ni na gaya masa dalili. Maus ɗin ya fito kasuwa wata biyu bayan haka, a jikin kwalin an rubuta cewa ya dace da kowane hannu.

Ranar da aka fita da gawar Kuang na hau in kwashe shimfiɗa. Na cire zanen gado, na naɗe bargo, na ɗauko tsumma zan goge ɗan teburin. Ƙurar robar tana nan yadda muka bar ta, sai dai an ja yatsa a cikinta. Ɗan zagaye ne a karkace, siffar gurbin da na goge, gefensa na ƙasa an maimaita shi sau biyu, an ɗaga shi sama kaɗan daga inda na kai.

Na mayar da tsumman aljihu, na rufe taga don kada iska ta shigo.