Hayaƙin Auduga

Injiniya Ghali ya daɗe tsaye a ƙofar gidan marigayi Dakta Giɗaɗo a unguwar Al-Naseem, a ƙasar Larabawan da suke zaman aiki, kwalaye a hammata, ya kasa danna ƙararrawa. Salamatu, matar marigayin, ita ta aika masa. Takabarta ta kusa ƙarewa, an buga mata huruj niha'i, wato bizar barin ƙasar ba dawowa, mai gidan hayar kuma yana son ɗakunansa. Ta ce ya zo ya kwashe yaƙinsu daga majalisi, wato falon baƙi, don ita ba ta san ta inda ake kama shi ba.

Yaƙin nan kuwa a kan tebur ake yin sa. Giɗaɗo likitan haƙori ne, mutumin Yola, kuma can wajen karatu a Turai ya kwaso wannan jarabar. Sojoji ne na dalma, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, riƙe da bindigar ɗuri irin ta zamanin albarushi. Shi yake musu fenti da hannun nan nasa da ya saba aiki a ƙuntataccen wuri, amma ba ya zana musu fuska, wai kada gobe ƙiyama a ce ya busa musu rai. Jajaye nasa ne, shuɗaye na Ghali. Kowace Juma'a in aka sauko daga masallaci, sai ka ga magidanta biyu masu furfura sun duƙufa a kan tsaunukan soso da kogin leda, suna jefa ƙwayar ludo suna gardama kamar 'yan tasha. Matansu sun yi tsiya har sun gaji.

Wasan yana da dokoki. Harbin bindiga ba ya wuce inci goma sha biyu, da tef ake aunawa. Layin da ya yi harbi, sai a yagi auduga a ajiye gabansa, ita ce hayaƙi. Babbar dokar kuma ta Giɗaɗo ce: ba a taɓa sojan wani. In aka harbe mutanenka, kai za ka kwantar da su da hannunka, kuma kwantarwar ita ce yardarka da harbin.

A kan wannan dokar suka ɓata. Ghali ya ce shuɗayensa sun buɗe wuta a kan jajayen da ke tsaron gada, ya ja tef, ya ce ya kai.

"Injiniya, ka tura kan tef ɗin gaba da mutanenka," in ji Giɗaɗo yana dariya. "Mayar da shi baya mu gani."

"Ni za ka koya wa awo? Da tef nake cin abinci a ƙasar nan!"

"Haba, maganar wasa ce."

"Maguɗi ka ce na yi. Halas, shi ke nan, riƙe sojojinka."

Ghali mutum ne mai kirki, amma in zuciya ta ɗebe shi ko takalmi sai ya sa a baibai. Ya fice ya bar shayi yana tururi. Giɗaɗo ya kira shi a waya ya ƙi ɗagawa. Juma'a ta zo ya kwanta a gida a Aziziyya, wata ta sake zuwa ya ce aiki ya yi yawa. A ransa so yake abokin nasa ya ɗan ji jiki tukuna. Ana haka wata Talata zuciyar Giɗaɗo ta tsaya a wurin aiki, washegari da la'asar aka kai shi maƙabartar Al-Oud. Kaburburan nan ba suna ba rubutu. Da Ghali ya koma ziyara, ya yi ta zagaye cikin duwatsu iri ɗaya bai gane wanne ne ba, ya yi addu'a ga kowa ya dawo. Tun daga lokacin abu ɗaya ke cin sa, ba ya barinsa ya ci abinci da daɗi: da fushinsa Giɗaɗo ya tafi, ko ya yafe?

Daga ƙarshe dai ya danna ƙararrawar. Salamatu ta buɗe, ta koma bayan labulen da ya raba majalisi da cikin gida.

"Sannu da zuwa, Injiniya."

"Maman Kamila, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ga shi nan yadda ya bar shi. Ya hana kowa shiga, ko shara ba a yi."

Ghali ya ce, "Bai... bai ce komai a kaina ba?"

Ta ce, "Ka san halin abokinka, ba ya kawo mini maganar waje. Duk Juma'a dai yana sa a dafa shayi na mutum biyu. Ya sha nasa, ɗayan ya huce."

Ta tafi ciki. Ghali ya ajiye kwalayen ya yaye zanen da aka rufe teburin da shi.

Komai yana nan, da gadar, da tsaunukan, da dawakan Giɗaɗo a bayan kurmi. Sai idonsa ya sauka a bakin gada. Jajayen da suka yi rigima a kansu duk suna kwance, a jere, an kwantar da su a hankali kamar masu barci. Gaban layin shuɗaye kuwa ga auduga an yaga an shimfiɗa, fara sol, irin wadda Giɗaɗo yake zuwa da ita daga asibiti. Bai taɓa shuɗin soja ko ɗaya ba. Ƙwayoyin ludo da tef suna gefen kujerar Ghali, inda ake ajiye su ga wanda ake jira.

Ghali ya zauna a kujerarsa. Ashe an ba shi harbinsa tun tuni, shi ne bai zo ya gani ba. Ya ji wani sanyi a ƙirjinsa, ya ce alhamdulillahi, mutumin nan ya gane gaskiya kafin ya tafi.

Da ya tsaya a nan da ya samu sauƙi. Amma injiniya ne, kuma tef yana kusa da hannunsa. Ya ja shi, ya sa kansa daidai ƙafar sojan gaba, ya miƙa zuwa bakin gada inda ƙura ta bar zanen wurin da jajayen suka tsaya. Bai kai ba. Ya sake aunawa daga bakin bindiga, don ya ba kansa rangwame. Har yanzu da sauran faɗin yatsa. Giɗaɗo, wanda idonsa ke ganin tsagar haƙori, ya san haka tun ranar. Ya sani sarai, ya kwantar da mutanensa.

Kuka ya ƙwace wa Ghali, irin na babban mutum, marar sauti, kafaɗa kawai ke rawa. Baƙin cikin da ya ji a wannan kujerar ya fi na ranar jana'iza.

Ya miƙa hannu zai tayar da jajayen, yatsunsa sun kusa kaiwa, sai ya janye.

"Bai kai ba, Likita," ya ce wa kujerar da ke fuskantarsa. "Wallahi bai kai ba. Tashe su."

Daga bayan labule Salamatu ta ce, "Injiniya, in kawo jarida ka nannaɗe su?"

Ya share fuskarsa da hannun riga. Ya kwashe shuɗayensa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a kwali, ya tattara audugar ya sa a aljihu.

"Maman Kamila," ya ce, "na ɗauki nawa. Jajayen sai dai ke ko Kamila ku kwashe. Ni ba a yarda in taɓa su ba."