Ranar Tarakta a Gonar Zumunta

Yini guda aka ba matan zumuntar cocinmu na Nasarawan Doya, kuma ni na roƙo musu shi. A shekarar sojoji sun ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Kayan gyara sun ɓace daga kasuwa, taraktocin ofishinmu na haya a Makarfi duk sun hau kan duwatsu, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinsu, saura guda ɗaya ja da ke motsi. Ita ma manya ne ke layinta. Ni ce mai kula da injuna a ofishin, mace tilo, da takardar makarantar aikin gona wadda babu wanda ya taɓa neman ya gani. Sai da na yi ta sintiri a ƙofar shugabanmu, Malam Maiwada, kafin ya ɗago kai.

"Laraba," ya ce. "Alhamis da safe za ta wuce gonar Kanar a wajen Kudan, ko kun gama ko ba ku gama ba."

Gonar zumunta ta matan da mazansu suka mutu ce, da waɗanda aka kori mazansu daga aiki. Kowace tana da yankinta a ciki, masarar da ta samu ita ce tuwon gidanta. Mahaifiyata Matta na cikinsu tun rasuwar babana Barnaba. Ruwa ya riga ya sauka, ƙasa ta yi laushi, in makon ya wuce shuka ta makara.

Uwaisu direba ya kawo taraktar ranar Talata da yamma. Birkinta ya daɗe da mutuwa, don haka ya ajiye ta a gangaren bayan coci, hancinta ƙasa, ya bar ta a giyar baya, ya tokare tayoyi da duwatsu. Ya cire batir ya tafi da shi masaukinsa kamar yadda ake yi kullum, don batir a lokacin ya fi akuya saurin ɓata.

Laraba da hantsi na iso da jakar kayan aikina. Mata sun riga ni. Sun zauna a inuwar taraktar ta baya, dab da fayafayen garma, da tukwanen kunu da ƙoren iri. Uwaisu na kan kujera yana murɗa makulli. Shiru.

"Injiniya ta iso," ya ce. "Barka da hantsi, Malama Selina. 'Yarki ta yi yaji."

"Barka kadai, Malam Uwaisu. Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Halinku ne ai."

Mata suka yi dariya. Na gaishe da mahaifiyata, na durƙusa wa Mama Cecilia, shugabar zumunta, sannan na hau. 'Yar fitilar da ke gaban direba ta kama, amma ja-ja kamar garwashin da ya kwana. Na buɗe gidan batir. Cirewa da mayarwa na kullum ya cinye maƙalar kan batir, ta yi sako-sako, sai wani mai hikima ya buga ƙusa a tsakani. Farin gari mai kore-kore ya lulluɓe wurin.

"Wa ya buga wannan?"

"Wanda ya hana mu sabuwar maƙala," in ji Uwaisu. "Ki je Kaduna ki tambaye shi."

Na nemi ruwan zafi da kanwa. Na wanke kan batir, na kankare shi da wuƙa har ya yi haske, na yanko bakin gwangwanin madara na naɗa, na ɗaure tam. Fitila ta kama fes. Na murɗa makulli da kaina. Ko ƙas kik bai yi ba, wato injin da ke juya babban inji ya tashe shi.

Uwaisu ya sauko, ya zaro doguwar sukudireba daga aljihun rigarsa, ya ɗaga ta sama don mata su gani.

"Ga likitanta. Ku matso da iri, iyayena, yanzu za ku ji kuka."

Ya shiga tsakanin tayar gaba da ta baya, ya miƙa hannu wajen kik. Na san abin da zai yi. Zai haɗa ƙarafa biyu da bakin sukudireba, wuta ta tsallake makulli da komai ta faɗa kik kai tsaye, shi yana tsaye a ƙasa, babu kowa a kujera. Na diro na kama hannunsa.

"Ba a gabana ba."

"Sakar mini hannu, Malama. Ni ba sa'anki ba ne."

"Na sani. Shi ya sa nake son ka koma wa iyalinka da ƙafafunka."

Akwai wani ɗan suwic a jikin gidan giya. Aikinsa guda: in tarakta na cikin giya, ya hana wuta zuwa kik. Sukudireba ba ta san da shi ba. Na gaya masa haka, alhali ya fi ni sani.

Ya hau ya kaɗa sandar giya hagu da dama. "Ga ta a firi, tana rawa kamar wutsiyar kare. Wace giya kuma?"

"Ba ni lokaci in bi wayar."

"Lokacin naki ne?" Mama Cecilia ce ta faɗa daga inda take zaune. "Ranar tamu ce, 'yar nan."

Na ciro ƙwan fitilar mota da na liƙa wa wayoyi biyu, shi ne ma'aunina tun da na ofis ya yi ƙafa. Na fara cire siririyar wayar da ke shiga kik don kada a yi tsautsayi. Fis, ɗan abin da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, yana nan lafiya. Daga makulli wuta na fita. Na bi ta ƙarƙashin sitiyari, cikin baƙin mai da ƙasa, har bakin suwic. Ta shiga, ƙwai ya kama. Ta ɗaya gefen, duhu.

"To!" Uwaisu ya tafa hannu. "Boko ya gano abin da na sani tun asuba. Suwic ya mutu. A yanke wayoyin nan biyu a murɗe su wuri guda, kamar yadda aka yi wa sauran."

"Sauran da ke kan duwatsu?"

"Ba suwic ne ya hau da su ba."

Na kwance suwic ɗin na fito da shi. Yana da ɗan harshe a gindi wanda ƙarfen giya ke dannawa in an dawo firi. Na danna da babban yatsa, na ce a murɗa makulli. Ƙwai ya kama. Na saki, ya mutu. Na danna, ya kama. Lafiyarsa ƙalau. Gaskiya suwic ɗin yake faɗa tun safe, mu ne ba mu saurare shi ba.

"Tana cikin giya," na ce.

"Ke kam Allah ya shirye ki."

Na matsar da duwatsun gaba kaɗan, na ce Uwaisu ya zauna a kujera, na roƙi mata su tura. Suka tashi suna gunaguni, suka tura. Tarakta a kan gangare, amma ko gezau. Na ce ya taka kuloci. Yana takawa ta gangara da kanta har ta daki duwatsu.

Na dubi fuskarsa, ya kawar da kai. Ya gane. Nauyin tarakta ya kwana a kan giyar baya, da safe ya fizgi sandar da ƙarfi, ta tsallake gurbinta saboda tsufa. Sama tana rawa, ciki giya na nan a baya. Da sukudirebarsa ta taɓa ƙarafan nan, da tarakta ta yi baya da garma a kan tukwanen kunu da masu su, tayar gaba kuma ta bi ta kansa.

Na jira ya faɗa musu. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa.

"Ƙasa ce ta riƙe taya," ya ce, yana saukowa. "Iyayena, ku shaida. Da an bar ni, da yanzu mun kai tsakiyar gona. Ni direba ne, ba a ɗauke ni in buɗe cikin inji ba." Ya kaɗe rigarsa ya nufi gindin mangwaro.

Shekara da shekaru yana tuƙa wannan tarakta, ni kuwa yarinyar da suka yi wa wanka ce. Wa za su yarda da shi?

Mahaifiyata ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta rage murya.

"Selina, ki bar mutumin nan ya yi aikinsa."

"Mama, ku ne a bayanta."

"Sai mu tashi."

"Ko kun tashi baya za ta yi. Ba a huɗa da baya. Dole a buɗe."

"Kin fi kowa sani, ko? Haka ubanki yake. Dubi yadda suke kallona."

"Su kalle ni, ni na yi."

Ta miƙe ta koma wajen mata.

Murfin gidan giya na ƙarƙashin ƙafafun direba, kusoshinsa sun yi tsatsa tun kafin in shiga makaranta. Sifanar da ta dace da su tana cikin akwatin ofis, akwatin kuwa an daɗe da sayar da cikinsa. Da ƙaramar sifanata na yi, ina zuba kananzir ina jira, ina bugawa da dutse. Rana ta hau tsaka, ƙarfe ya yi zafin da ba a dafa shi. Sifana ta kuɓuce, bayan hannuna ya daki murfi, fata ta saluɓe. Na naɗe da gefen ɗankwalina na ci gaba.

Ina ji suna magana, ba su ma rage murya ba.

"Wai mace da inji."

"Karatun ne ya hau mata kai."

"Da namiji Matta ta haifa, da yanzu muna shuka."

Mama Cecilia ta aika wa Uwaisu kunu har gindin mangwaro. Ni babu wadda ta miƙo mini ruwa, ni ma ban roƙa ba. Ni na yi musu sintiri a ƙofar Maiwada. Ni ya bari a tsaye a baranda yana shan shayi da 'yan kwangila. Waɗanda suka cinye kuɗin birki suna can cikin inuwa, wanda ya fizge sanda yana shan kunu, ni ce abin zagi. Duk lokacin da ƙusa ta ƙi, sai in tuna wannan in ƙara ƙarfi.

Bayan azahar murfi ya ɗagu. Ga ƙarfen giyar baya can ya zarce, ya ƙi dawowa layin 'yan'uwansa. Ina bukatar dogon ƙarfe mai ƙwari. Ƙararrawar cocinmu tsohon wilin mota ne da aka rataye a bishiya, da rodin da ake buga shi da shi. Na je na ɗauko rodin.

"Har kayan Ubangiji?" in ji Mama Cecilia.

"Zan mayar, Mama."

Na sa dutse mai nauyi a kan kuloci, na zura rodi, na danna da dukkan jikina. Ya ƙi. Na sake. Ya yi ƙas ya koma gurbinsa. Na zaunar da sanda daidai, na rufe murfi, na mayar da suwic da wayar kik. Na ce kowa ya bar bayan tarakta, na hau, na murɗa makulli.

Ta tashi a bugu ɗaya. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayan coci. Babu wadda ta yi guɗa. Ana kiran la'asar a masallacin cikin gari.

"Malam Uwaisu, bismilla."

Ya dubi rana. "Aikin gwamnati ya tashi, Injiniya. Gobe da asuba ina da tafiya."

Ban roƙe shi ba. Na sa giya na shiga gona. A makaranta na koyi huɗa a fili mai laushi, ba a gonar da ke da kututture da tarakta marar birki ba. Layukan farko sun karkace, na ji dariyarsa daga nesa. Na ci gaba. Hannu na zafi, jini ya ɓullo ta ɗankwali, ina juyawa a bakin gona da kuloci da addu'a. Fitilun gaba babu ƙwai, don haka da magariba ta rufa na daina ganin layi, na tsaya. Ban kai rabi ba.

Alhamis da sassafe wani soja ya zo a kan babur don ya raka tarakta Kudan. Na tsaya a gabanta.

"Ranka ya daɗe, zuwa azahar kawai. Matan nan ba su da kowa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya taɓa bulalar da ke rataye a ƙugunsa. "Matsa."

Na daɗe ban matsa ba. Mahaifiyata ce ta ja ni ta zane. Uwaisu ya hau, ya murɗa makulli, ta tashi ba gardama. Bai dube ni ba.

Mama Cecilia ta sake raba gona a ranar. Inda tarakta ta huɗa ta ba tsofaffi da masu goyo, ban ga laifin wannan ba. Amma mahaifiyata ta girmi wasunsu, aka tura ta can ƙarshe, wajen tsakuwa, inda garma ba ta taɓa ba. Kowa ya san dalili.

Ban koma ofis ba sai da mako ya juyo. Na ɗauki garmar hannu ta babana na shiga yankin mahaifiyata. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Ita tana bayana tana jefa iri, ba ta ce mini uffan sai in za a ci abinci. Mun shuka a makare, mun san abin da hakan ke nufi ga rumbu.

Ranar da muka kai ƙarshen kunya ta ƙarshe, ta zauna a kan dutse tana duban hannuna.

"Ran Lahadi ki je ki ba su haƙuri," ta ce. "Ki durƙusa wa Cecilia, magana ta wuce."

"Haƙurin me, Mama?"

"Ba sai da laifi ake ba da haƙuri ba."

"In sun zo sun tambaye ni abin da ya faru, zan gaya musu. Zan ma nuna musu. Amma ba zan durƙusa ba."

Ta yi tsaki, ta ɗaure bakin ƙwaryar iri. Na saɓa garma a kafaɗa, muka kama hanyar gida, tana gaba ina baya.