Sharar Ya Fanna

Habi tana cikin kankare ƙanzo daga gindin tukunya kamyon sojoji ya shigo tashar Matameye, ya yi kwana, ya tsaya da bayansa yana kallon kasuwar dabbobi. Ba kowa a ciki sai direba. Kamyon da ya zo fanko kuwa ɗauka ya zo yi, wannan ko yaro ya sani. Ta ajiye marar da ke hannunta.

Tuwo take sayarwa a tasha, in har abin da ake tuƙawa bana da jar dawar taimako ya cancanci a kira shi tuwo. Damina ta yi wa mutane ƙarya, gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Najeriya kuma ta rufe iyaka, tana kwaso baƙi marasa takarda tana zubewa a bakin hanya. Ƴan ƙasa da aka koro sun watse garuruwansu tuntuni. Waɗanda suka saura a bayan kasuwar dabbobi, ƙarƙashin wani gawo da ko inuwar kirki ba shi da ita, mutanen Cadi ne, gida bakwai ko takwas. Najeriya ba ta son su, ƙasarsu ana yaƙi, nan kuma umarni ya zo daga sama cewa a kwashe su a kai su iyakar gabas a sauke.

Kullum Habi ce ke kai musu ƙanzo da abin da ya kwana. Ba don tana da shi ba. Mijinta Lawali yana Kano cirani, ga-ruwa yake yi, shi ma ba shi da ko guntuwar takarda, kuma tun da aka rufe iyaka ba ta ji ɗuriyarsa ba. Duk sanda ta miƙa wa wani ƙwarya a gindin gawon nan, fata take yi can ma wata tana miƙa masa.

Ba zama ta yi ba tun da ta ji zancen kwashe su. Ta je wurin mai unguwa, ya ce abin ya fi ƙarfin rawaninsa. Ta je wurin sarkin samari, ya ce ta dawo in ya gama shawara, har yau yana shawara. Shugabar mata ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa kafin ta ce mata ta rufa wa kanta asiri. Zamanin soja ne, mutum uku suka tsaya a kan magana ɗaya ya zama taro, taro kuma ya zama laifi. Malam Iliyasu, yayan mijinta, wanda gidan ke hannunsa, ya ce mata, "Habi, tausayi ba laifi ba ne. Amma in aka ɗaure ki, wa zai ciyar da ƴaƴan Lawali?" Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ta ji haushinsa.

Tana tsaye tana kallon kamyon sai hayaniya ta tashi a bayanta. Wani Bafillace ne ya fizge hular wani Babarbare mai sayar da kanwa, ya ce ba zai bayar ba sai an biya shi kuɗin shara. Babarbaren yana zagi yana dariya, ƴan tasha suna zuga su. Sai a lokacin ta tuna jiya aka yi cika-ciki, duk da ba cikin da ya cika a garin, yau kuma ranar da abokan wasa ke bin juna shara ce, kowa ya faɗa wa ɗan uwansa abin da ya ga dama, ba fushi, ba ƙara. Ta tuno fuskar kumandan da sojoji suka ajiye a garin: zane biyu daga gefen baki har kunne. Ba'are ne. Arawa kuwa abokan wasan Barebari ne, duk girman mutum, ba ya ɗaga wa Babarbare murya.

Ko tukunyar ba ta rufe ba ta nufi gindin gawo.

Ya Fanna tana zaune a kan tabarmarta, ita ce tsohuwar cikinsu, Babarbariya daga bakin tafkin Cadi, dogayen zane sun sauko mata daga goshi har haɓa. Ta shekara da shekaru a Kano tana haɗa turaren wuta, tana zaune da ɗanta mai gadi. Ranar da aka kwashe su, mota dabam aka sa shi, ita dabam. Shi ya sa take zama tana fuskantar hanyar kudu. In aka kai ta gabas, ba inda zai nemo ta.

Habi ta durƙusa ta faɗa mata dabararta. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta girgiza kai.

"Ƴata, wasa da ƙoshi ake yinsa. Rabona da dariya tun ranar da aka raba ni da yaron nan. In je in tsaya gaban mai bindiga in ce masa bawana?"

"Iya, duk garin nan ba mai bakin da zai yi masa magana sai ke. Ni in na buɗe baki, ƙara ce. Ke in kika buɗe, wasa ne. Bayan la'asar kamyon zai tashi."

"In bai san wasan ba fa? Yaran yanzu da suka yi boko a lakwal ba kowa ya sani ba."

"To, sai ya kore mu. Daman korar ce."

Ya Fanna ta daɗe tana duban hanyar kudu. Daga baya ta miƙa hannu, Habi ta tashe ta.

A ƙofar biro, ofishin kumandan, gardi mai tsaron ƙofa ya tare su. Habi ta ce baƙuwa ce ta kawo wa kumandan gaisuwar shekara. Ya dube su sama da ƙasa, ya ga ba abin tsoro a jikin mai tuwo da tsohuwa mai dogara sanda, ya bar su suka shiga. Kumandan yana zaune bayan tebur, matashi ne ma ashe, bai kai Lawali ba. Habi ta gaida shi, ta ɗan taɓa tsohuwa da gwiwar hannu. Ta sake taɓa ta. Ya Fanna ta ƙura wa bindigar da ke jingine a bango ido, bakinta ya mutu, duk abin da suka shirya a hanya ya tsere. Habi ta fara neman ƙaryar da za ta fitar da su lafiya.

Kumandan ya ɗago kai ya dubi fuskar tsohuwar. Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ba'are ya ga Babarbariya a ranar shara ya yi shiru, ai ko kakanninsa ba za su yafe masa ba.

"Gardi," ya ce, "wa ya bar baiwata ta shigo ba ta cire takalmi ba? Dubi fuska kamar gonar bana, an yi huɗa ba a samu komai ba."

Habi ta ji tsohuwar ta miƙe sosai a gefenta.

"Kai, rufe mini baki," in ji Ya Fanna. "Wa ya sa maka linzamin da ke kumatunka in ba mu ba? Kakanka daga Barno ya gudo da ɗan wando ɗaya. An ba ka kaki da kujera, shi ne ka ga uwargijiyarka ba ka tashi ba?"

Gardi ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Kumandan ya fashe da dariya har da dukan tebur, ya tashi da kansa ya jawo mata kujera. Suka yi ta yi, ya ce ita za ta biya shi shara, ta ce tun da aka halicci duniya bawa ke biya. Da ya ga ba zai ci ba ya sa hannu a aljihu.

"Mayar da hannunka," ta ce. "Ba wannan na zo karɓa ba. Sharata ita ce mutanen da ke gindin gawo. Ka bar mu nan har a buɗe iyaka."

Dariya ta ɗauke. Ya koma ya zauna, ya dubi Habi, duban da ya nuna ya gane wadda ta ƙulla abin. Ta sunkuyar da kai.

"Umarnin da aka ba ni," ya ce a hankali, "shi ne kada a kwana da baƙo a fili. Ba a ce mini komai a kan baƙon da ke cikin gidan mutane ba. Duk wanda wani maigida ya zo ya kama hannunsa kafin la'asar, ya zama nasa. Amma ku ji da kyau, ba ni da ko tiyar dawa da zan ƙara wa kowa. Wanda ya saura kuma zai hau kamyo." Ya sake duban Habi. "Ke kuma mai tuwo, shara sau ɗaya ake yinta a shekara."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Abin da ya rage na ranar a ƙafa Habi ta yi shi. Ta fara da matan da suke jan ruwa tare, su suka shiga suka taso mazansu. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba, tambaya ɗaya take yi a kowace ƙofa: wa kuke da shi a Kano, ko Legas, ko Fatakwal? Ba gidan da ba shi da wani. Wasu sun rufe ƙofa, ba ta ga laifinsu ba, rumbu fanko ba ya jin kunya. Wasu suka fito suna gunaguni, amma suka fito. Masu lambu a fadama suka zaɓi maza masu ƙarfin jan guga. Wani maƙeri ya ɗauki mai mata da yaro ɗaya. Malam Iliyasu ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, sannan ya saka hula ya je ya kama hannun wata mai ƴaƴa huɗu da kowa ke kauce wa. A hanya ya ce wa Habi, "Daga waɗannan ko kaza kada ki ƙaro mini. Na rantse." Ta san in ya rantse ya gama.

Da aka kira la'asar gindin gawo ya zama fili, sai duwatsun murhu da toka. Habi ta iso tana haki, farin ciki ya cika ta har tana jin kamar ta yi guɗa. Sannan ta hango tabarma ɗaya ba a naɗe ba.

Ba wanda ya ɗauki Ya Fanna. Kusan kowa ya ɗauki mai hannun aiki, ita kuwa baki ce kawai da za a ciyar. Habi ma, cikin gudun neman wa wasu, ta ɗauka wani ya riga ya tafi da ita. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta duba hagu da dama, masu gidaje duk sun watse. Direba ya tayar da kamyo, sojoji biyu suka nufo su.

"Iya, bari in koma wurin Malam," ta ce. "In durƙusa masa. Ko ni in kwana a waje."

"Mutum ya rantse, kada ki sa shi kaffara," in ji tsohuwa. "Naɗe mini tabarmar."

Habi ta naɗe tana hawaye. Ya Fanna ta saɓa ta a hammata, ta dogara sanda, ta wuce sojojin, ta wuce kamyon ko kallonsa ba ta yi ba. Sojoji suka bi ta a baya suna kiran ta, ba wanda ya iya taɓa ta. Ta tsallaka titi, ta bi bayan biro, har ƙofar gidan da kumandan yake zaune. Nan ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure, ta zauna, ta fuskanci kudu.

Aka kira kumandan. Ya zo ya tsaya a kanta, ƴan tasha sun taru daga nesa suna leƙe.

"Wannan kuma mene ne?"

"Ka ce kowa ya tafi gidan nasa," ta ce. "Ni duk garin nan ba ni da kowa sai bawana."

Wasu suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta rage murya yadda sai shi da Habi suka ji.

"Ɗana, wasan ya ƙare. In ka ce in hau, zan hau, ba zan yi maka baki ba. Yarona ne dai zai zo bai same ni ba."

Kumandan ya ɗago kai. Ya dubi kamyon, ya dubi sojojinsa da ke jiran magana, ya shafa zanen kumatunsa. Shi ma yana da na sama da shi, kuma gobe za a tambaye shi.

"Ku dube ta," ya ce da ƙarfi, yadda duk tasha za ta ji. "Wannan ko an kai ta Cadi dawo mini da ita za su yi. Ku shigar mini da ita ciki kafin ta tara mini jama'a. A ce wa madam ta ba ta ruwa."

Ya juya ya yi wa direba alama da hannu. Kamyon ya hau hanyar Damagaram fanko, yadda ya zo.