Jakar Iya Fatsuma

Sau biyu Iya Fatsuma tana faɗuwa jarrabawar Larabci a islamiyyar matan aure da nake koyarwa a Kiyawa. Ta rantse in ta faɗi na uku ta bar karatu ke nan, ta koma gonar riɗinta. Ni kuwa ban so haka ba, don duk ajin babu mai naci irinta.

Matsalarta ɗaya, kalma ba ta zama mata a ka sai ta taɓa abin da hannu. Sai ta ɗinka jaka, duk kalmar da muka koya ta nemo abinta ta jefa: gishiri, auduga, mabuɗi, har ƙayar kifi. Amaren ajin suka sa mata suna mai kayan koli. Ni abin ya ɓata wa rai, ita ko a jikinta.

Ranar jarrabawa Malam Abdulkahar, mai yi musu tambayoyi, ya zo daga Dutse, fuska a murtuke. Yana shigowa ya ce a fitar da jakar waje. Sannan ya juyo kan Iya ya jefo mata tambaya.

"Baba, mene ne khushuna?"

Iya ta waiga wajen ƙofa. Na san dutsen goge ƙafa ta ajiye wa wannan kalmar, ga shi yana can bakin ƙofa. Ta shiga murza tafukanta a ƙarƙashin hijabi don fargaba. Can sai na ga ta dakata. Ta fito da hannuwan nan da kullum take ɓoye wa amare, duk kanta da faso, ta buɗe su a gabansa.

"Kaushi ke nan, Malam. Ga shi ka gani."

"Sa ta a jimla."

"Yadi khashina, hannuna mai kaushi ne. Ana faɗinta ga tufa, ga bango, ga murya, har ga halin mutum. Akasinta nu'uma, laushi, irin na hannun da bai san fartanya ba."

Ta ɗan saci kallon hannun Malam. Aji ya kwashe da dariya, shi ma ya kasa riƙewa. Ya ce, "Wallahi kin ci, Baba." Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba.

Da muka fito ta rataya jakarta, ta ce, "Malama Ruwaida, ashe wannan ba sai na sa ta a jaka ba. Shekara arba'in ina yawo da ita."