Bugun Bango

Jan zare ne ya fara faɗowa daga kan kantar shago, shuɗi ya bi bayansa, ya gangara har ƙarƙashin keken ɗinki. Gwaggo Mai Keke ta ja dogon tsaki, ta juya almakashi ta kai wa bango duka da mariƙinsa, daidai wurin da fenti ya daɗe da ɓarewa.

"Injiniya! Mu ma abinci muke nema a nan!"

Gurnanin da ke ratso bangon ya ragu, sannan ya ɗauke. Sai a lokacin ta tuna, kunya ta rufe ta. Jiya-jiya aka dawo da mutumin daga asibiti, kuma kowa a layin ya san ba don ya warke aka sallamo shi ba.

Shekara da shekaru haka suke zaune. Bango ɗaya ne tsakanin shagonta da ɗakin aikin Baba Injiniya, bangon kuwa ba wani kauri gare shi ba. Shi sana'arsa haɗa amfilifaya, akwatin nan da ke ɗaga sauti ya miƙa wa sifika, da hannunsa yake haɗawa tun daga wayar farko. Duk wadda ya gama sai ya gwada ta da waƙa guda, kullum ita, wata mata mai murya ƙasa-ƙasa da jita da ganga a bayanta. Gwaggo ta haddace karin waƙar ba da son ranta ba, har takan kama kanta tana rera ta wajen yanka yadi, ta yi tsaki ta daina.

Tana duƙe tana laluben zaren sai Auta ta leƙo. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, ta ɗauki hutu a wurin aiki ta dawo jinya.

"Gwaggo, Baba ya ce ki shigo."

"Ki ce masa ya yi haƙuri, hannuna ne ya saba."

"A'a, ba faɗa ba ne. Dariya ma yake yi."

Duk tsawon maƙwabtakarsu Gwaggo ba ta taɓa wuce bakin ƙofarsa ba. Ɗakin na warin dalma da ƙura. Wayoyi rataye a ƙusoshi, gwangwanayen madara cike da sukurori, faya-fayai jere a kanta har rufi. An turo gadonsa jikin teburin aiki, don ya ce ba zai kwanta inda ba ya ganin kayansa ba. A kan teburin wata amfilifaya ce buɗe, ƙananan kwalabenta na ci da haske ja-ja kamar garwashi, gefenta kwamfutar Auta, an haɗa su da waya.

Ya rame har ta so ta kawar da kai.

"Maƙwabciya, zauna," ya ce. "Zare nawa ya faɗo?"

"Biyu. Ina ruwanka da zarena?"

"Biyu. To gangar ta yi nauyi da yawa. Auta, kin ji ko? Na faɗa miki."

Nan ya kwance mata abin da ba ta taɓa zato ba. Ashe kunnensa ya fara tafiya tun da daɗewa, tsufa da ƙarar sifika sun cinye shi a hankali. Sama-sama yake jin waƙar, sauran kuwa sai da tafin hannu a jikin akwati. Da ya ga haka sai ya koma gwada aikinsa da ita. Ya kunna, ya jira. In ta buga bango, akwai gyara. In waƙar ta kai ƙarshe keke na ta tafiya ba a buga ba, sai ya rufe akwatin ya ɗaure.

Gwaggo ta saki baki tana kallonsa. Ranta ya ɓaci, kuma dariya na cin ta.

"Wato duk shekarun nan aiki nake maka? Ni ina nan ina tsine wa matar nan da jitarta, ashe ma'aikaciyarka ce ni?"

"Babbar ma'aikaciya ma. Ke kaɗai ce a layin nan ba ki iya kara ba. Wannan," ya nuna Auta da haɓa, "ko gwangwani na kaɗa mata sai ta ce, kai Baba, ya yi daɗi."

Ya sa Auta ta miƙo wani abu naɗe a tsumma. Ɗan farantin tagulla ne, bai fi yatsu biyu ba, an sassaƙa sunansa a jiki, da ramin sukuru a kowane gefe. Gwaggo ta san labarin, kowa ma ya sani. Duk abin da Injiniya ya haɗa, wani ɗan kasuwa da ake kira Mai Shago ne ke zuwa da mota ya kwashe, ya ɗaura masa wani suna na ƙasashen waje, ya zuba a kwali mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Masu hali su saya su kai falo, suna rantsuwa cewa ba a isa a ƙera irinta a nan ba. In an tsokane shi da zancen yakan ɗaga kafaɗa ya ce su liƙa abin da suka ga dama, shi ya san 'ya'yansa ko a duhu.

"Wannan ta ƙarshe ce, kuma tawa ce," ya ce. "Amma sunana ba zai hau kanta ba sai ta yi daidai. Ki koma shagonki ki yi abin da kika saba."

Haka aka shiga yi. Hannunsa na rawa, don haka Auta ce ke riƙe ƙarfen narka dalma, shi yana kwance yana ba da umarni yana mita. Tashi ya juya faifai ya gagare shi, shi ya sa ta kwashe masa waƙar ta zuba a kwamfuta, yana ta ƙorafi wai waƙar cikin kwamfuta kamar abincin da ya kwana a leda ce. Sun gyara nauyin gangar, zare ya daina faɗowa. Amma akwai wani gunji siriri da ya ƙi fita, yana kwance a ƙarƙashin waƙar. Gwaggo takan ji shi a haƙoranta, ta ga zarurrukan kan kanta suna karkarwa.

Wata rana da hantsi ta jiyo tarinsa ta bangon, tari mai tsawo wanda ke ƙarewa da nishi. Da aka kunna waƙar gunjin na nan daram. Ta ɗaga almakashi, ta kasa. Tausayi ya kama ta, ta ce a ranta bawan Allah nan kwana nawa ya rage masa, a bar shi ya ɗaura sunansa ya huta. Ta ajiye almakashin ta taka keke da ƙarfi har waƙar ta ƙare.

Ba a jima ba Auta ta zo, idonta ja. Da Gwaggo ta shiga ta tarar da hannunsa a kan akwatin sifika.

"Ina jin sa a tafina, Maƙwabciya," ya ce a hankali. "Ke ma kin fara yi mini irin maganar likitoci?"

A rayuwarta an zage ta da baƙar magana, an ce ba ta da kara, amma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba sai yau, a gaban mai mutuwa.

"Na yi kuskure," ta ce. "Ba zan ƙara ba."

"Yanzu in kin yi shiru, ta yaya zan san na gaskiya ne?"

Wannan tambayar ta bi ta har gida, ta hana ta cin abinci.

Daga ranar ta koma bugu, tana bugawa tana hawaye. Suka canza waya, suka canza kwalba, suka warware abin da suka ɗaure jiya. Gunji dai na nan, Injiniya kuwa kullum ƙara tafiya yake, har muryarsa ta koma raɗa.

Ana cikin haka Mai Shago ya iso da motarsa, da kwali a hammata da farantinsa mai sunan waje a aljihun gaba. Ba mugun mutum ba ne, har lemo ya riƙo wa maras lafiya. Ya ce akwai wani babban mutum da ke jira, a ba shi haka nan, ɗan gunji ba wanda zai lura.

Gwaggo ce ta tare shi a ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuyanta.

"Ranka ya daɗe, lemon mun karɓa, mun gode. Kwalin ka koma da shi."

"Hajiya, wannan tsakanina da Baba ne."

"Ni ce mai gwaji a kamfanin nan, kuma ban sa hannu ba."

Ya dube ta, ya leƙa gadon, ya ga tsohon na murmushi idonsa rufe. Sai ya sunkuyar da kai, ya yi masa addu'ar samun sauƙi, ya fita da kwalinsa.

Washegari da safe Auta ta je gidanta ɗebo kayan sawa ta dawo a gurguje. Gwaggo na kan ɗinkin wata riga aka kunna waƙar. Hannunta ya kai kan almakashi da kansa, ya tsaya a sama. Jitar ta shigo tas. Matar ta ja numfashi kafin ta fara, abin da Gwaggo ba ta taɓa ji ba duk shekarun nan. Ta dubi kantar zare, zarurruka na tsaye cak, ko ɗaya bai motsa ba. Ta ɗauke ƙafa daga keke ta saurara, ashe waƙar uwa ce ke lallashin ɗa ya yi barci.

Ba ta jira ƙarshen ba. Ta san shirunta ba shi da sauran daraja a wurinsa, don haka ta fita ba takalmi, almakashin na hannunta.

Ta tarar da Auta tsaye tana zazzage jaka a ruɗe.

"Na manta cajar kwamfutar a gida, Gwaggo. Batir kawai take ci, kar ta mutu mana a tsakiya."

Injiniya ya buɗe ido. Ya dubi kwamfutar, ya dubi soket ɗin bango da babu komai a jikinsa, ya dubi akwatin da tafinsa ke kai. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Auta ta zabura tana zaton tari ne, ashe dariya ce.

"Caja," ya raɗa. "Ita ce ke zuba mana gunjin ta waya. Muna ta yi wa lafiyayye tiyata." Ya numfasa. "Na ce miki abin nan ba shi da amana."

"Baba, ai ga shi yanzu yana yi."

"Yana yi," ya amsa, da ƙyar kamar ana cire masa haƙori. Sannan ya juyo da ido kan Gwaggo yana jira.

Ta matso har bakin gadon, ta ɗora almakashin a kan bargonsa.

"Na nemi abin bugawa na rasa, Injiniya. Wallahi na nema. Zarena ko motsi bai yi ba."

Ya daɗe yana duban fuskarta, irin duban da yake yi wa waya kafin ya yarda da ita. Daga nan ya buɗe tafinsa.

"Auta, sukudireba."

Suka jawo amfilifayar bakin tebur. Gwaggo ta danne farantin tagullar da babban yatsa, Auta ta tallafe masa gwiwar hannu, shi kuma ya murɗa. Sukuru na farko ya shiga. Na biyu ya ɗauke shi lokaci, yana murɗawa yana hutawa, farantin ya ɗan zame a ƙarƙashin yatsanta. Da ya gama ya shafa sunan da ɗan yatsa, ya koma kan matashi, ya ce a sake kunno matar daga farko.

Kafin rana ta yi tsaka ya cika, Auta na riƙe da hannunsa. Gwaggo ta yi salati, ta rufe masa ido, sannan ta fita bakin ƙofa ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi wa kowa ba tun rasuwar mijinta.

Bayan an share makoki Auta ta zo kwashe kaya. Ta kira Gwaggo ta nuna mata gaban amfilifayar.

"Ya karkace kaɗan, kin gani? Baba ba ya son abu a karkace. Ko in daidaita?"

"Bar shi. Hannunsa ne."

Auta ta ce a ɗakinta babu wurin manyan sifikun nan, za ta bar su tukuna sai ta samo mota. Kafin ta kulle ta zare caja daga jikin kwamfutar, ta kunna waƙar sau ɗaya. Gwaggo ta koma shagonta ta zauna gaban keke, rigar da ba ta ƙarasa ba na ƙarƙashin allura. Matar ta ja numfashi ta fara. Hasken taga ya sauka a kan ɓararren wurin nan na jikin bango, zarurruka na jere a kan kantarsu, almakashin kuma na kwance a cinyarta.