Hannun Hagun Baba

Baba direban motar haya ne, har ranar da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a falo. Likita ya ce hannun hagun yana son motsi, sai babbar 'yarsa ta kawo masa wasan tseren mota na talabijin, da ɗan sitiyarinsa da totur da birki.

Da farko ƙona masa rai wasan yake yi. Akwai wata kwana kusa da gada, duk zagaye sai motar ta daki shinge, lokacinsa ya lalace. Ya ja tsaki, ya ture sitiyarin.

"Ni da na tsufa a kan titi, akwatin nan ne zai raina ni?"

"Baba, gudu kake kamar an biyo ka. Ka taka birki tun kafin kwanar," in ji 'yar tasa.

"Ke za ki koya mini birki?"

Amma ya gwada. A hankali kwanar ta yi masa sauƙi, lokacin zagayensa ya riƙa raguwa. Wata safiya ya gama tseren babu ko ƙwarzane, ya ƙwala mata kira yana dariya.

"Kin gani? Hannu ya dawo. Ɗauko mini makullin motata."

Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, an sayar da ita tun kana asibiti. Likita ya ce ka gama tuƙi. Mun kasa faɗa maka ne."

 Sai ya ce ta ja masa ƙofar. Ranar ko abinci bai ci ba.